MAGUNGUNAN SA FITSARI DA YADDA SU KE AIKI A ƘODA

Bayani domin Hakimai da Malamansu

Babu gundumar da za a rasa mutanen da ƙafafunsu suka kumbura, ko cikinsu ya cika da ruwa, ko kuwa waɗanda numfashi ya kan gagare su in sun kwanta da dare. Idan aka kai irin waɗannan asibiti, sau da yawa likita ya kan ba su wata 'yar ƙwaya, ko ya sa a yi musu allura, kafin a jima sai su yi ta fitsari, bayan 'yan kwanaki kumburin ya sace. Jama'a sun ga haka, sun kuwa riƙe sunan ƙwayar, har ya zama waɗansu su kan tafi kanti su saye ta da kansu, su ba duk wanda suka ga ya kumbura. To, ƙwayar nan da ta ke ceton mai ciwon zuciya, ita ce kuma za ta iya kashe yaro mai tamowa. Sabo da haka aka shirya wannan takarda, domin Hakimai da malamansu su san abin da magungunan nan su ke yi a jiki, da wanda ya kamata ya sha, da wanda bai kamata ba, tun da ya ke su ne talakawa su ke jin maganarsu.

ƘODA DA AIKINTA

Ko wane mutum yana da ƙoda biyu, ɗaya dama ɗaya hagun, can ta baya daidai haƙarƙari na ƙarshe. Girman ko wace bai wuce dunƙulen hannu ba, nauyinta kuwa kamar giram 150. Duk da ƙanƙantarsu, kimanin kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ta ke harbawa ta cikinsu ya ke bi, watau fiye da lita ɗaya a ko wane minti.

A cikin ko wace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Ko wace matata kashi biyu ce, rariya da bututu. Rariyar wani ƙullin ƙananan jijiyoyin jini ne a cikin ɗan ƙoƙo, wanda William Bowman, wani likita na Ingila, ya bayyana a 1842. Sa'ad da jini ya bi ta wurin, sai ruwa da gishiri da sukari da datti su tsiyaye cikin ƙoƙon, ƙwayoyin jini da furotin kuwa su tsaya, gama sun fi ƙarfin idon rariyar.

Ruwan da ƙoda biyu su ke tacewa haka a yini da kwana ya kai lita 180, watau kamar garwa goma, kuma gishirin da ke cikinsa ya yi kusan kilo ɗaya da rabi. Alhali kuwa duk jinin jikin babban mutum bai fi lita 5 ba. Da wannan ruwa zai fita duka, da mutum bai kai awa ɗaya da rai ba. Nan ne aikin bututu ya ke. Shi ne ke tsotse ruwan da gishirin yana mayar wa jini, har ya zama fiye da kashi 99 cikin 100 sun koma, abin da ya rage kamar lita ɗaya da rabi, shi ne ya ke gangarawa mafitsara ya zama fitsari.

Bututun nan yana da zango huɗu. A zango na fari a kan mayar da kimanin kashi 65 cikin 100 na gishirin da aka tace. Zango na biyu lanƙwasa ce mai kama da ƙugiya, a na ce da ita lanƙwasar Henle, da sunan Jakob Henle, masanin Jamus da ya gano ta a 1862. A nan a kan mayar da kimanin kashi 25. A zango na uku a kan mayar da kamar kashi 5. A na huɗu, inda bututu da yawa su ke haɗuwa, a kan tsotse mafi yawan ɗan abin da ya saura.

Akwai ƙa'ida guda wadda in an riƙe ta sauran bayanin zai zo da sauƙi: ruwa bin gishiri ya ke yi. Inda gishiri ya koma jini, ruwa ya bi shi. Inda ya tsaya cikin bututu, ruwa ya tsaya tare da shi, su fita tare. Abin da ke jan ruwan a cikin gishiri shi ne sinadarin da a ke kira sodiyam. Yawancin magungunan sa fitsari ba abin da su ke yi sai tare hanyar sodiyam a ɗaya daga cikin zangon nan huɗu. Ba sai sun tare da yawa ba. In magani ya hana kashi 2 kawai cikin 100 na lita 180 komawa, an sami ƙarin fitsari fiye da lita 3 da rabi ke nan.

ABIN DA KE KAWO KUMBURI

Kumburi alama ce ta wata cuta da ke ɓoye, cututtukan kuwa iri iri ne. Idan zuciya ta yi rauni ta kasa harba jini sosai, ƙoda ta kan ɗauka jini ne ya yi ƙaranci, sai ta dinga riƙe gishiri da ruwa. Ruwan ya ƙara wa zuciya nauyi, ta ƙara gazawa, ƙoda kuma ta ƙara riƙewa, har ya taru a ƙafafu da huhu. Idan hanta ta ƙandare, sabo da ciwon hanta mai daɗewa ko barasa, ko kuwa irin tsargiyar da ke kama hanji da hanta, jini ya kan dunƙule a jijiyoyin ciki, ruwa ya tsattsafo ya cika cikin. Idan rariyar ƙoda ta lalace, furotin ya kan zube cikin fitsari, fuska da jiki su kumbura. Yaro kuma da bai sami abinci mai gina jiki ba ya kan kumbura, ko da ya ke a rame ya ke. Duk waɗannan, in aka danna ƙauri da babban yatsa aka ɗan jima, wurin ya kan loɓa. Kama da juna su ke a ido, amma maganinsu dabam dabam ne, kuma likita ne kaɗai zai iya rarrabe su.

YADDA AKA SAMO MAGUNGUNAN

A 1785 wani likita a Ingila, William Withering, ya rubuta yadda ganyen wani fure ya ke sauƙaƙa kumburi. Daga baya aka gane cewa zuciya ganyen ya ke ƙarfafawa, daga danginsa ne kuma aka fitar da maganin nan digokzin. A 1919, a wani asibiti na birnin Biyana ta ƙasar Ostiriya, wani ɗalibin likita, Alfred Vogl, ya lura cewa allurar zaiba da a ke yi wa masu tunjere tana sa su fitsari mai yawa. Daga nan aka yi shekaru wajen arba'in a na maganin kumburi da allurar zaiba, duk da gubarta, domin babu abin da ya fi ta. A 1958 aka fara sayar da ƙwayar kulorotayazaid a Amurka, a 1964 kuma kamfanin Hoechst na Jamus ya fito da furosamaid. Zuwan waɗannan ya sa aka bar zaiba ɗungum.

IRI-IRIN MAGUNGUNAN

Na zango na fari. Shi ne asetazolamaid, wanda a ke gani da sunan Diamox. Ƙarfinsa wajen sa fitsari kaɗan ne, domin gishirin da ya tsere a zango na fari, zangunan gaba su kan kama shi. Amfaninsa ya fi yawa wajen rage ruwan da ke taruwa cikin ƙwayar ido a cutar gilakoma, wadda ke makantarwa, da kuma ga masu hawan manyan duwatsu.

Na lanƙwasar Henle. Babbansu furosamaid, wanda jama'a suka fi sani da Lasix. Duk ya fi sauran ƙarfi, gama kashi ɗaya cikin huɗu na gishirin a nan ya ke komawa, zangunan da ke gaba kuwa ba su da ikon kama duk abin da ya kuɓuce. Har ila yau lanƙwasar nan ita ce ke tara gishiri a tsakiyar ƙoda, wanda da shi a ke janye ruwa daga fitsari a zango na ƙarshe. In an tare ta, fitsari ya kan fito da yawa, fari kamar ruwa. Ƙwayar, wadda yawanci miligiram 40 ce, ta kan fara aiki cikin awa ɗaya, ta yi kamar awa shida. Allurar jijiya kuwa cikin 'yan mintoci ta ke farawa.

Na zango na uku. Su ne dangin tayazaid, kamar haidurokulorotayazaid da kulotalidon. Ƙarfinsu matsakaici ne, amma aikinsu ya fi daɗewa, kuma bayan rage gishiri su kan sassauta jijiyoyin jini a hankali. Shi ya sa suka zama cikin manyan magungunan hawan jini. Su kan kuma rage sinadarin kalsiyam a cikin fitsari, sabo da haka a kan ba wanda tsakuwar ƙoda ta ke yawan dawo masa.

Na zango na huɗu. A wannan zango musanya a ke yi: ƙoda ta karɓi sodiyam, ta zubar da wani sinadari mai suna fotasiyam a madadinsa. Wanda ke ba da umarnin musanyar shi ne aldositeron, wani sinadari da ke fitowa daga 'yar tsokar da ke zaune a kan ko wace ƙoda. Furosamaid da tayazaid su kan turo sodiyam da yawa zuwa wannan zango, sai musanyar ta yi yawa, fotasiyam ya yi ta zuba. Amma sifironolakton, mai sunan Aldactone, yana tare aldositeron, amiloraid kuma yana toshe ƙofar da sodiyam ya ke shiga, sai fotasiyam ya tsira. Su kaɗai ba su da ƙarfi ƙwarai, don haka a kan haɗa su da na zangon baya. Ƙwayar Moduretic, wadda masu hawan jini da yawa suka sani, haɗin amiloraid ce da haidurokulorotayazaid. Sifironolakton kuwa ya kan yi kwana biyu ko uku kafin aikinsa ya bayyana, kada mai sha ya ce bai yi ba ya ƙara da kansa.

Akwai kuma manitol, wani irin sukari da a ke sawa ta ƙarin ruwa. Rariya tana tace shi amma bututu ba ya iya mayar da shi, sai ya ja ruwa ya fita da shi. A asibiti kaɗai a ke amfani da shi, musamman in ƙwaƙwalwa ta kumbura bayan rauni a kai.

CUTUTTUKAN DA A KE BA DA SU

Gazawar zuciya. In ruwa ya cika huhu mutum ya kasa kwanciya, yana haki yana tari mai kumfa, allurar furosamaid ta kan ceci ransa, muddin an kai shi asibiti da gaggawa. Bayan ya farfaɗo a kan ci gaba da ƙwaya domin kada ruwan ya sake taruwa. Furosamaid sauƙi ya ke kawowa, ba ya gyara zuciyar, sabo da haka a kan haɗa shi da waɗansu magunguna. Wani babban bincike da aka buga a 1999 ya nuna cewa ƙara ɗan sifironolakton ga masu tsananin gazawar zuciya ya rage mace-mace da kashi 30 cikin 100.

Akwai irin gazawar zuciya da ta shafi ƙasar Hausa ƙwarai, wadda ke kama mata gab da haihuwa ko a watannin jego. A 1978 likitoci biyu da suka yi aiki a Zariya, Davidson da Parry, suka buga bayani a kan mata fiye da 200 masu wannan cuta, suka kuma yi zargin kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Wani bincike da aka yi a asibitoci da dama na Nijeriya, aka buga a 2020, bai sami cewa al'adun nan su ne tushen cutar ba, ya dai tabbatar da cewa ta fi yawa a arewa maso yamma. Amma kanwa kam sodiyam ce, ruwa kuwa bin sodiyam ya ke yi. Matar da zuciyarta ta riga ta yi rauni, in tana shan kunun kanwa, tana rushe aikin maganin da aka ba ta ne. Duk mai jegon da ƙafafunta suka kumbura, ko ta ke haki, a kai ta asibiti, kada a ce gajiyar haihuwa ce.

Hawan jini. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, aka maimaita a ranaku dabam dabam ya tsaya haka, mutum yana da hawan jini, ko da ba ya jin ciwon kome. Ɗan tayazaid kaɗan, kamar miligiram 12.5 ko 25 na haidurokulorotayazaid a rana, shi kaɗai ko tare da wani magani, yana rage hatsarin shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya. Maganin riƙewa ne, in aka bari jinin ya kan sake hawa.

Ruwan ciki na ciwon hanta. A nan sifironolakton ne kan gaba, domin aldositeron ya kan yi yawa a jinin masu wannan ciwo. Wani lokaci a kan ƙara furosamaid. A hankali a ke janye ruwan, kamar rabin kilo a rana ga wanda ƙafafunsa ba su kumbura ba. Gaggawa ta kan jawo ruɗewar hankali da tsayawar ƙoda.

Ciwon ƙoda. A kan ba da furosamaid domin rage kumburi da hawan jini, amma ba ya warkar da ƙodar da ta lalace. Yawan fitsari bayan shan ƙwaya ba shaida ba ce cewa ƙoda ta sami lafiya.

INDA BA A BA DA SU

Yaro mai tamowa da ya kumbura, ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ba shi maganin sa fitsari domin kumburin. Jikinsa ya riga ya rasa fotasiyam, ƙwayar kuwa za ta ƙarasa zubar da ɗan abin da ya rage, zuciyarsa ta tsaya. Maganinsa abinci ne na musamman da a ke bayarwa a asibiti. Mace mai ciki da ƙafafunta suka kumbura, ita ma ba a ba ta haka kawai. In kumburin ya kai fuska da hannuwa, ga ciwon kai ko ganin dishi-dishi, alamar hawan jinin ciki ce mai kawo jijjiga, a garzaya da ita asibiti. Tundurmi kuwa toshewar hanyoyin ruwan jiki ne, ƙwayar nan ba ta yi masa kome. Mai son rage ƙiba kuma da ya sha, ruwan jikinsa ya zubar, kitsen yana nan.

ILLOLINSU

Ta farko ita ce bushewar jiki. Alamunta ƙishirwa mai tsanani, da jiri in an miƙe tsaye, da kasala. Ta fi samun tsofaffi, kuma ta fi yawa da bazara, sa'ad da gumi ya ke ɗebe ruwa ta wani gefen. Wanda ke shan maganin nan in amai ko gudawa ta kama shi, ya nemi ma'aikacin lafiya a ranar, gama sau da yawa a kan dakatar da ƙwayar har ya warke, in ba haka ba ƙoda tana iya tsayawa.

Ta biyu rashin fotasiyam, daga furosamaid da tayazaid. Jiki ya kan mutu, tsoka ta ɗaure, bugun zuciya ya rikice, abin ya fi muni ga mai shan digokzin. Ayaba da lemo da dabino da wake da tumatir suna da fotasiyam. Amma mai shan sifironolakton ko amiloraid, ko mai ciwon ƙoda, yawan fotasiyam ne hatsarinsa, shi ma kuwa yana tsayar da zuciya. Sabo da haka ne likita ya kan sa a auna jini lokaci lokaci.

Bayan waɗannan, tayazaid ya kan rage sodiyam a jinin tsofaffi har su ruɗe, ya kan ɗan ɗaga sukarin jini, ya kuma tayar da ciwon gaɓoɓin nan da a ke kira gawut. Furosamaid mai yawa ta jijiya ya kan taɓa ji, balle in an haɗa shi da allurar jentamaisin. Sifironolakton ya kan sa nonon namiji ya kumbura ya yi ciwo. Magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda a ke saye barkatai, suna kashe ƙarfin maganin sa fitsari, kuma haɗa su da shi yana cutar da ƙoda.

ABIN DA A KE BUKATA DAGA HAKIMAI DA MALAMAI

A na roƙon Hakimai su tara Dagatai da masu unguwanni su karanta musu waɗannan, su kuma su isar wa jama'a, maza da mata:

1. Duk wanda ya kumbura a kai shi asibiti a binciki dalili. Kada kowa ya sayi maganin sa fitsari ba da takardar likita ba, kada kuma ya ba wani nasa.

2. Yaro mai kumburi, da mace mai ciki, da mai jego, ba a jinkirta kai su ko da kwana ɗaya.

3. Wanda aka rubuta wa maganin ya sha da safe, domin kada fitsari ya hana shi barci. In sau biyu ne, na biyun kafin la'asar.

4. Ya rage gishiri da kanwa da dunƙulen miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin da babban mutum zai ci a rana kada ya kai giram 5, watau kamar ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin abinci.

5. Mai ciwon zuciya ya riƙa hawa sikeli da safe in da hali. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. In ya ƙaru da fiye da kilo 2 cikin kwana uku, ruwa ne ke taruwa, ya koma asibiti.

6. Mai niyyar azumi ko doguwar tafiya ya shawarci likita tun da wuri, domin a daidaita masa lokacin sha. Kada ya bar maganin da kansa.

7. A sayi magani a wurin da hukuma ta yarda da shi, a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aikinsa.

Malaman Hakimai kuwa su taimaki waɗanda ba su iya karatu ba, su rubuta musu sunan maganinsu da lokacin sha da ranar komawa asibiti, da boko ko da ajami, a ajiye takardar tare da katin asibiti. Inda aka ga masu talla suna sayar da irin ƙwayoyin nan a kasuwa ko a tasha, Hakimi ya sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukumarsa.